Na Daina Shan Ƙwayar Tairoid, Kasalar Ta Dawo

Assalamu alaikum Inna. Shekarata 31, malamar firamare ce ni, ina zaune a Mabera nan cikin Sakkwato da 'ya'ya ukku. Tun da na haifi ta ukkun, yau shekara biyu da rabi, jikina bai koma daidai ba. Kasala ba iyaka, barci ba ya isata, sanyi nake ji ko a Afrilu sa'ad da kowa ke kwana tsakar gida. Gashi na zuba, fata ta bushe, bayan gida sai in kwana ukku ban yi ba, ga mantuwa, ga ƙiba alhali ba wani ci nake yi ba. Al'ada kuma in ta zo ba ta da niyyar tafiya. Bara na yi ɓari. Uwar mijina ta ce son jiki ne, daga baya ta ce sammu ne, anka yi ta rubutu da hayaƙi. Da anka gaji na je asibiti, anka auna jini, TSH ya kai 38. Likita ya ce tairoid ɗina ne ba ya aiki sosai, ya ba ni ƙwaya maikirogiram 100 kullum da safe. Nakan haɗa ta da ƙwayar ƙarin jini in kora da koko ko shayi. Na sha wata ukku na ji ɗan sauƙi, sai maƙwabciyata ta ce in na saba da ita na zama baiwarta har mutuwa, ta kawo mini wani jiƙo. Na daina. Yau wata huɗu ke nan, komai ya dawo, har ya fi da. Maigida ya ce ya gaji da cutar da ba a gani da ido. Ina son sake haihuwa, ga azumi tafe. Inna, dole ne in sha ƙwayar nan har abada? Kuma yaya zan yi da maigida?

Daga wata ɗiyarki a Mabera.

Wa alaikis salam, ɗiyata. Allah Ya ba ki lafiya, Ya musanya miki cikin da kika rasa da mafi alheri.

Kafin komai, ki koma wurin likitan nan cikin makon nan. Kada ki jira hutun makaranta, kada ki jira a ga wata. Ki faɗa masa yadda aka yi ba ɓoye-ɓoye: kin sha wata uku, kin daina wata huɗu, kuma da koko da ƙwayar ƙarin jini kike haɗawa. Na san abin da ke hana mata komawa, tsoron a yi musu faɗa a gaban jama'a. Faɗan zai wuce kafin ki kai bakin ƙofa. Abin tsoro shi ne likita ya ɗauka kina shan magani alhali ba kya sha, ya ga jini ya ƙi gyaruwa, ya ƙara miki ƙwaya a kan labarin da ba haka yake ba. Ki tafi da takardar gwajin farko da kwalin maganin, in akwai sauran jiƙon ma ki ɗauka ya gani.

A gaban wuyanki, ƙasa kaɗan da zakaran wuya, akwai wata 'yar tsoka mai fukafukai biyu da ta rungumi maƙogwaro. Ita ce tairoid, ita ce kuma ke kumbura ta zama maƙoƙo a wuyan wasu. Nauyinta wajen giram 20 ne kawai. Aikinta ta ɗebi aidin, sinadarin nan da ake sa wa gishirin ci, daga abin da kika ci, ta ƙera wani sinadari da ake kira T4 ta zuba cikin jini, jiki kuma ya juya shi zuwa T3, wanda shi ne ainihin mai aikin. Sinadarin nan shi ne makaɗin gayya. In ganga ta yi zafi manoma su zabura, in makaɗi ya sassauta hannu kowa ya sassauta fartanya, ba don wani a cikinsu ya zama rago ba. Zuciya, hanji, fata, ƙwaƙwalwa, mahaifa, duk da kiɗan nan suke tafiya, naki kuwa ya yi sanyi. Shi ya sa hanji ke kwana uku bai motsa ba. Shi ya sa jikinki ya kasa haɗa ɗumin kansa har kike neman mayafi a watan da ma'aunin zafi ke haura 40 a Sakkwato. Zubar gashi, mantuwa, yawan jinin al'ada, duk daga nan suke, kuma ɓarin ma yana iya zama daga nan.

Shi kuma TSH saƙo ne da wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa take aika wa tairoid cewa ta ƙara himma. In T4 ya yi ƙasa a jini, saƙon ya yawaita. Don haka lambar tana hawa ne in tairoid ta gaza, abin da ke rikita mutane da yawa. A mafi yawan ɗakunan gwaji, mai lafiya yakan tsaya tsakanin 0.4 da 4. Naki 38, kusan ninki goma. Ki adana takardar nan da kyau, za mu zo kan amfaninta wajen maigida.

Maƙwabciyarki ba mugunta ta nufa ba, amma ta yi miki ɓarna. Ta ɗauki ƙwayar nan kamar tiramol ko maganin barci, waɗanda jiki ke sabawa da su har ya riƙa neman ƙari. Libotairoksin, wato maganin da likita ya ba ki, wanda ake samu a kantunan magani da sunan Euthyrox, ba haka yake ba. Shi ne T4 ɗin nan da wuyanki ya kamata ya ƙera, babu bambanci ko kaɗan, sai dai an yi shi a masana'anta. Ba ya bugarwa, ba ya sa sabo, kuma ba shi ya kashe tairoid ɗinki ba, don ta riga ta gaza kafin ki san sunansa. Ki ɗauke shi a matsayin cikon abin da ya yi ƙaranci.

Ga kuma abin da ya yaudare ki, yake yaudarar mata da yawa. T4 yana daɗewa a jini, sai bayan kamar kwana 7 rabinsa ke ƙarewa, saura ya ci gaba da raguwa sannu a hankali. To in mace ta daina sha yau ta fara jiƙo gobe, za ta yi mako biyu, uku, har huɗu tana jin garau. Sauran ƙwayar ce ke aiki, jiƙo kuma ya kwashi yabo. Kafin kasala ta dawo an manta ranar da aka daina, sai a ce ai sammun ne ya motsa. Babu saiwa, ganye ko sassaƙen da aka tabbatar yana maye gurbin wannan sinadari. Addu'a da ruƙiyya kuwa ki ci gaba da abinki, ba su yi karo da ƙwaya ba. Hadisi ne ingantacce cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta, kuma wannan cutar tana cikin waɗanda aka daɗe da gano nasu. A 1891 wani likita a Ingila mai suna George Murray ya fara yi wa wata mata 'yar shekara 46 allurar ruwan da ya tato daga tairoid ɗin tunkiya, bayan ciwon ya kusa gama da ita. Ta warware, ta ci gaba da karɓar maganin har ta rasu a 1919 tana da shekara 74. Ke kuwa an sauƙaƙa miki, ƙwaya ɗaya ce da kurɓin ruwa.

Har abada? Ba zan yi miki daɗin baki ba: alamu sun fi nuna haka. Akwai kumburin tairoid da ke zuwa bayan haihuwa, yana samun kamar mace 1 cikin 20, kuma da yawansu sukan warware cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Amma ke ɗiyarki ta shekara biyu da rabi, kin daina magani kuma ciwo ya dawo da ƙarfinsa. Wannan ya fi kama da wanda ya zauna, irin wanda garkuwar jiki ke juyowa ta riƙa cin tairoid a hankali, wanda ake kira da sunan Hashimoto, likitan Japan da ya bayyana shi a 1912. Ya fi kama mata nesa ba kusa ba. Akwai gwajin jini da ake kira TPO da ke taimakawa wajen tabbatarwa, ki tambayi likita ko yana ganin amfanin yin sa. In ma wata rana za a gwada ragewa ko dakatarwa, likita ne zai yi, da gwajin jini a gaba da baya.

Yanzu mu zo kan ɗan sauƙin da kika ce kin ji. Ina kyautata zaton ba ki taɓa samun cikakken amfanin maikirogiram 100 ɗin nan ba, don yadda kike sha ya isa ya cinye wani kaso nasa tun a ciki. Ƙwayar nan mai kishi ce, ba ta son tarayya. Ƙwayar ƙarin jini tana kama ta a hanji ta hana ta shiga jini. Haka kalsiyam, haka ruwan maganin olsa irin mai fari kamar madara. Waɗannan ukun sai a bar tazarar awa 4 tsakaninsu da ita. Madara, nono, awara da madarar waken soya, gahawa, duk suna rage shigarta. Koko da shayi ma abinci ne, dokar ta hau kansu. Ana shan ta da ruwa zalla, ciki babu komai, a jira minti 30 zuwa awa ɗaya kafin a karya.

Wannan ba shi da wuya ga mai tashi sallar Asuba. Ki ajiye ƙwaya da kofin ruwa kusa da inda kike kwana, inda hannun yara ba ya kaiwa. Kina farkawa, kafin alwala, ki haɗiye. Kafin ki yi salla da azkar, ki hura wuta, ki yi wa yara wanka, awa ta cika, sai ki sha kokonki hankali kwance. Ƙwayar ƙarin jini kuma ki mayar da ita bayan Azahar ko dare, kuma ita ma kada ki kora ta da shayi, don shayi yana hana ta shiga. In safiya ta gagara, ana iya sha lokacin kwanciya, da sharaɗin an yi awa 3 da cin tuwon dare. Ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kai. Wanda ke sha yau da safe da ruwa, gobe da rana da fura, jibi ya manta, shi ne wanda likita ke wahala da shi, don lambar jininsa ba ta zama wuri ɗaya. In kin manta kika tuna a ranar, ki sha. In har gari ya waye, ki ci gaba kamar kullum, ki tambayi likitanki yadda yake so a rama wadda ta wuce. Mantuwar rana ɗaya ba ta rushe komai.

Zafin garinmu ma abin lura ne. Ƙwayar tana rage ƙarfi in ta sha zafi, haske ko danshi, kuma abin da ake rubutawa a kwalinta shi ne a ajiye ta ƙasa da ma'auni 25 ko 30, abin da ɗakin kwano ba ya ba mu daga Maris zuwa Mayu. Kada ki bar ta a madafa, ko kan taga, ko cikin jakar da ke yini a rana, ko aljihun mota. Ki bar ta cikin ledarta ta asali har lokacin sha, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan. Kada ki sayi na shekara guda ki jibge, na wata biyu ko uku ya isa. Ki saya a babban kantin magani mai rajista, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ba a teburin da ke shanye a bakin kasuwa ba.

Ki kuma buɗe ido a gaban mai kanti. Ƙwayar tana zuwa da ƙarfi daban-daban, 25, 50, 100, kwalayen kuma sukan yi kama. Wani kwalin zai rubuta miligiram 0.1, shi ne dai maikirogiram 100. In an canza miki kamfani, ki gaya wa likita, don wani lokaci sai an sake awo. Babban haɗari shi ne a aiki yaro ya ce a ba shi maganin tairoid. Akwai wani mai suna kabimazol, na masu tairoid mai aiki fiye da kima ne, aikinsa rage sinadarin da ke kike nema. Mata biyu za su iya zama da maƙoƙo iri ɗaya a ido, maganin ɗaya kuwa guba ne ga ɗayar. Kada ki karɓi na kowa, kada ki ba kowa naki.

Bayan kin koma kan magani, kada ki sa ran tashi garau washegari. Kasala takan fara sassautawa cikin mako biyu zuwa uku. Gwajin TSH sai bayan mako 6 zuwa 8, kafin nan lambar ba ta gama zama ba, kuɗi kawai za a zubar. Haka za a riƙa yi duk lokacin da aka canza yawan ƙwaya, har a dace, daga nan sau ɗaya ko biyu a shekara. Ranar gwaji, in har da T4 za a auna, ki bari sai an ɗebi jinin sannan ki sha ta ranar. In kina shan ƙwayoyin gyaran gashi da farce masu bayotin, ki dakatar kwana biyu kafin gwaji, don suna ɓata sakamako. Gashi da fata su ne na ƙarshen dawowa, sai an yi watanni, wani lokaci ma gashin yakan ƙara zuba a farko kafin ya tsaya. Kada wannan ya sa ki ƙara wa kanki ƙwaya. In ta yi yawa za ki ji bugun zuciya, gumi, rawar hannu, rashin barci, kuma in aka daɗe a haka tana cin ƙashi tana rikita bugun zuciya. Ana lissafa ta ne da nauyin mutum, wajen maikirogiram 1.6 kan kowane kilo ga matashin da tairoid ɗinsa ta gaza sosai, sannan jini ya yanke hukunci.

Maganar haihuwa nake so ki fi riƙewa. Ki ɗan dakata da neman ciki har jinin ya daidaita, ku yi shawara da maigida da likita kan hanyar tazarar da ta dace na 'yan watannin nan. Likitoci da yawa suna son TSH ya sauko ƙasa da 2.5 kafin a ɗauki ciki. Dalili kuwa, ɗan tayi ba shi da tairoid mai aiki sai wajen mako na 12, kuma har kusan rabin ciki da na uwa ya dogara, alhali lokacin ne ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa. Ƙarancinsa yana jawo ɓari, haihuwar bakwaini, da naƙasu a basirar yaro. Ranar da kika tabbatar da ciki, ranar za ki nemi likita, ba sai wata na huɗu da ake fara awo ba, don buƙatar jiki tana ƙaruwa da kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari tun a makonnin farko, kuma akan riƙa awo kowane mako 4 har rabin ciki. Za a samu mai ce miki mai ciki ba ta shan ƙwaya. Wannan kam mai ciki ta fi kowa buƙatarta, mai shayarwa ma tana sha ba ta cutar da jariri. In aka ba ki ƙarin jini da kalsiyam a wurin awo, dokar awa 4 tana nan. In kuma kina zargin akwai ciki yanzu haka, to ba cikin mako ba, gobe za ki je.

Azumi ba matsala ba ne, tunda sau ɗaya ake sha. Ko dai ki riga mutanen gida tashi da rabin awa zuwa awa ɗaya ki sha kafin sahur, wanda ga mai dafa sahur ba wani sabon abu ba ne, ko ki sha lokacin kwanciya in an yi awa 3 da cin abinci. Wasu suna buɗe baki da ita da ruwa su jira rabin awa, amma jiran nan bayan ƙishin Sakkwato, ga kunu da ƙosai a gaba, kaɗan ne ke iyawa. Abin gudu shi ne a haɗiye ta tare da furar sahur. Ko za ki iya azumin bana da ƙarfin da kike da shi yanzu, ki bar wa likita bayan ya ga jininki. Bayan Salla da kamar mako shida a sake awo.

Abinci kuwa, kada ki bari a tsorata ki da dogon jerin haramtattu da ke yawo a WhatsApp. Tun 1993 doka ta wajabta sa aidin a gishirin ci a Nijeriya, don haka ki riƙa amfani da na leda mai tambari, ki rufe shi, ki nisanta shi da wuta da danshi. Gishirin gargajiya da ake kawowa daga hamada ba a sa masa aidin ba, kada ya zama shi kaɗai ne a tukunyar yaranki. Amma aidin ba zai tayar da tairoid da garkuwar jiki ta ci ba, yawansa ma yana iya ƙara dagula ta, don haka kada ki sayi ƙwayoyin aidin ko na ciyawar teku da ake tallatawa. Gaskiya ne gero da rogon da ba a jiƙa aka sarrafa da kyau ba suna ɗauke da abubuwan da ke takura tairoid, musamman inda aidin ya yi ƙaranci. To ke naki sinadarin daga ƙwaya yake zuwa a shirye. Ba wanda zai raba Basakkwaciya da fura a kan wannan, ki dai ba ta lokacinta.

Akwai abin da ƙwayar ba za ta yi miki ba, gara ki sani tun yanzu. Ƙibar da ciwon nan ke kawowa yawanci kilo 2 zuwa 5 ce, akasarinta ruwa da gishiri. Wannan za ta sauka, saura kuma sai da rage sukari da maiƙo da tattaki bayan La'asar in rana ta yi sanyi. Taurin bayan gida yana son ruwa da yawa, da zogale, rama, kuɓewa, wake, kuma ƙwayar ƙarin jini tana ƙara shi, in ya matsa ki faɗa a canza miki wata. In TSH ya daidaita amma kasala ta ƙi tafiya, a duba wani wuri. Macen da ta shekara biyu tana zubar da jini mai yawa, ga ɓari, ga haihuwa uku, da wuya a ce jininta bai yi ƙasa ba. A auna jini, a auna sikari. In kuma ƙafa na kumbura, kina haki in kin kwanta ko kin ɗan yi tafiya, ki faɗa tun kafin a mayar da ke kan ƙwaya, a duba zuciya, don ciwon zuciyar da ke bin haihuwa sananne ne a yankinmu, kuma mai shi a hankali ake fara masa wannan magani.

Sai maigida. Ba zan ce ya kyauta ba, amma ki dubi abin ta wurinsa: shekara biyu yana ganin matar da ya sani mai kazar-kazar ta koma kwanciya, ba zazzaɓi, ba rauni, mahaifiyarsa kuma tana gaya masa son jiki ne. Akwai kuma abin da ba ki rubuta ba, ni zan faɗa. Ciwon nan yana kashe sha'awa, yana sa baƙin rai da saurin kuka. Sau da yawa in namiji ya ce ya gaji da cuta, wannan yake nufi, yana zaton an daina son sa ne. Ki same shi lokacin da ya ci ya huta, ba lokacin da rai ya ɓaci ba, ki ajiye masa takardar gwajin. Ki nuna masa inda aka rubuta iyakar mai lafiya, ki nuna masa 38. Ki ce, Maigida, ga abin da ba a gani da ido, an gan shi a jini, kuma yana da magani, ina roƙon ka raka ni ka ji daga bakin likita. Maza da yawa abin da matansu suka shekara suna faɗa ba su ji ba, sukan ji shi cikin minti biyar daga mai farar riga. Abin haushi ne, amma ki yi amfani da shi. Sannan ki ba shi aiki a ciki: shi zai riƙa sayo maganin kafin ya ƙare, shi zai riƙe ranar gwaji a wayarsa. Wanda aka ba riƙon abu ba ya saurin raina shi.

Uwar miji kuwa kada ki yi jayayya da ita kan sammu, ba za ki ci ba, kuma ba bakinki ya kamata bayanin ya fito ba. Ɗanta ne zai ce mata, Hajiya, an gano abin, a wuya yake, ɗan'uwan maƙoƙo ne, a ci gaba da addu'a tana shan magani. Tsofaffi sun san maƙoƙo, sun ga masu shi a ƙauye tun suna yara. In ta kawo rubutu ki karɓa da godiya. In jiƙo ne na abin da ba ki sani ba, ki ajiye. Ki kuma nemi a ba ki wata yarinya daga dangi ta taya ki aikin gida na wata biyu, kafin ƙarfi ya dawo. A makaranta ma ki sanar da shugabar ku, da takardar asibiti, don ranakun gwaji kada su zama abin magana.

Ta fuskar kuɗi, ƙwayar ba ta cikin masu tsada sosai, gwajin ne ke ɗan cin aljihu. Tunda ma'aikaciya ce ke, ki bincika ko kina cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, SOCHEMA, da abin da yake ɗauka. In jinin ya ƙi daidaita bayan an gyara yadda kike sha, ko wuya ya fara kumbura, ko murya ta dushe, ko haɗiya ta yi wuya, ki nemi a tura ki wurin likitocin da suka ƙware kan sikari da tairoid a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

Tunda kin yi wata huɗu babu magani, ki gaya wa mutanen gida wannan: in suka ga barci ya yi miki nauyi har ana tashin ki da ƙyar, ko magana ta rikice, ko jiki ya yi sanyi ƙalau, musamman in wani zazzaɓi ya shigo ko lokacin hunturu, asibiti za a nufa nan take, a kuma faɗa wa likitan da ke bakin aiki cewa kina da ciwon tairoid. Ba kasafai yake kai nan ba, amma in ya kai ba ya jira. Ciwon kuma yana bin dangi, don haka in akwai yayarki ko ƙanwarki mai irin wannan kasala, ko mai yawan ɓari, ko wadda haihuwa ta ƙi zuwa, ki ce ta je a auna mata TSH.